Tambaya da Amsa: Da wane yare ake yi wa girgije bayani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu. Shekarun baya wani yaro ya haɗa muna manhajar da muke rubuta sunayen manoma, da takin da anka ba kowa bashi, da buhunan shanshera da ya kawo. Ya ce ya ɗora ta a girgijen Amazon. Yanzu ya samu aiki ya bar gari. Wanda munka ɗauko ya ce bai san yadda anka haɗa kayan ba, sai mun biya shi ya rubuta tsarin da wani yare wai shi Terraform. Tun da manhaja na aiki, mi za a sake rubutawa? Ko dai hanyar cin kuɗi ce? — Wani mai karatu daga Argungu

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ba ka faɗa min nawa ya yanka maka ba, don haka ba zan sa baki a farashi ba. Amma aikin da ya ambata aiki ne na gaske, kuma da ni ne, da tuni na sa an yi shi.

Girgijen nan ba komai ba ne illa kwamfutocin haya da ke jibge a manyan cibiyoyin kamfani. Amazon, alal misali, ya buɗe irin wannan cibiya a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2020. Manhajarku ba ita kaɗai ke zaune a can ba. Akwai saba, wato kwamfutar da take gudana a kai, da rumbun bayanan manoma, da ƙa'idar wanda aka yarda ya shiga da wanda aka hana. Ga dukkan alamu yaron farko da hannu ya haɗa su, ya latsa nan ya latsa can har abu ya tashi. Da ya tafi, sai ya tafi da tsarin a kansa.

Ka ɗauki telanka. In ka ce masa "ɗinka min irin ta sallar bara," to ka dogara da tunawarsa, ranar da ya yi tafiya kuma yaransa sai kame-kame. In kuwa awonka na cikin littafi, tsawo kaza, kafaɗa kaza, hannu kaza, duk wanda ya zauna kan keken zai fitar da riga ɗaya. Yarukan da ake magana a kai littafin awo ne, sai dai mutum da na'ura duk suna iya karanta shi, kuma kowace kalma ma'ana ɗaya tak gare ta. Ba a rubuta "saba madaidaiciya." Ana rubuta: saba ɗaya, ƙwaƙwalwa gigabait 4, a yankin Cape Town, ƙofa mai lamba 443 kaɗai a buɗe. Ka kuskure harafi, na'ura ta ƙi karɓa, ba ruwanta da "ai ka gane abin da nake nufi."

Amazon ya fito da nasa, CloudFormation, a 2011. Terraform kuma kamfanin HashiCorp ne ya sake shi a 2014, da yarensa mai suna HCL. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne ba ka ba shi umarni mataki-mataki. Kana faɗa masa yadda kake son abu ya kasance ne, shi kuma ya duba abin da ke ƙasa ya cike giɓin. Kafin ya taɓa komai sai ya jero maka abin da zai ƙara, da wanda zai canza, da wanda zai rushe. Alhaji, ko ba ka iya yaren ba, ka sa a nuna maka wannan jerin. In ka ji an ambaci rushe rumbun bayanai, ka ce a dakata. Ba sai an wargaza abin da ke aiki ba ma, domin Terraform na iya shigar da kayan da aka riga aka haɗa cikin lissafinsa.

Sai dai kada a sayar maka da abin da babu. Takardar nan siffar rumbu take bayyanawa, ba ta riƙe da abin da ke cikinsa. In sunayen manoma da bashin taki suka salwanta, za ta sake gina maka rumbu fes, amma wayam. Kwafin ajiya aiki ne daban, kuma ka nemi a gwada dawo da shi a gabanka. Haka nan in an ce maka da fayil ɗaya za ku koma girgijen Microsoft ko Google gobe da safe, an yi ƙari: yaren ɗaya ne, amma sunayen kayan kowane kamfani daban, sai an sake rubuta kusan komai. Kuma daga ranar da aka rubuta, duk wanda ya koma gyara da hannu ya raba takarda da gaskiya.

Kafin ka biya, ka tabbatar asusun girgijen da sunan ƙungiya yake, da imel ɗinta, ba na wani yaro ba. Fayilolin su ma su zauna a ma'ajiyar ƙungiya, ko da a GitHub ne, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye fayilolinsu. Akwai kuma wani fayil da Terraform ke ajiye halin da kayan suke ciki, wanda kalmomin sirri kan fito a cikinsa ɓaro-ɓaro. Wannan ba na turawa a WhatsApp ba ne.

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kimiyyar kwamfuta ce a Gusau. An ba ni aikin bincike kan TOSCA, amma duk tallar aiki da na gani Terraform da Kubernetes ake nema. Ba ɓata lokaci nake ba? — Wata ɗaliba daga Gusau

Amsa: Ba ki ɓata ba, ƙanwata. Ƙungiyar OASIS, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ce ta amince da TOSCA a 2013, da nufin a samu yare ɗaya da ba na kowane kamfani ba, wanda zai bayyana sassan hidimar girgije da yadda kowane ya jingina da ɗan'uwansa. Da XML aka fara rubuta shi, daga baya aka fito da na YAML, dukansu salon rubuta bayani ne da na'ura ke karantawa. Manyan masu girgije kowa ya ci gaba da tallata nasa, shi ya sa TOSCA ya fi samun gindin zama a wajen kamfanonin sadarwa. Amma tunanin da ke cikinsa, wato sassa da alaƙarsu, shi ne za ki tarar a sauran.

Ki gama bincikenki, a gefe kuma ki koyi YAML har ya zauna miki, domin da shi aka fi rubuta wa Kubernetes bayani, wato tsarin da ke kula da gudanar da manhajoji a kan sabobi da yawa, kuma tazarar farkon layi kaɗai kan sauya ma'ana. Ki leƙa OpenAPI, wanda ya samo asali daga Swagger. Shi ba saba yake siffantawa ba, ƙofar hidima ce: me za ki aika, me za a mayar miki. Ki kuma sani cewa a 2023 HashiCorp ya sauya lasisin Terraform, abin da ya sa wasu suka ɓalle da OpenTofu ƙarƙashin Linux Foundation, kuma rubutunsu kusan iri ɗaya ne.

In za ki gwada a girgije na gaske, ki sa ƙararrawar kashe kuɗi tun ranar farko, ki rushe abin da kika gina kafin ki kwanta. Da dala ake ƙiyasta farashin, kuma saba ba ta san an tashi daga aji ba.