Ga ƙanwarmu ta Jos mai son tafiya Kanada da maigidanta

Assalamu alaikum. Ƙanwata, bayan sallar isha'i na ga tambayarki, na ajiye wayar na sake ɗauka, don sai na ji kamar ni na rubuta ta shekara 3 da suka wuce. Kin ce kina da fasfon Kanada, kin dawo Jos kin yi aure, ga jaririya a hannu, kina son ɗaukar nauyin maigidanki ku tafi tare. Ba ki da aiki a can, ba ki da ɗaki, an kuma ce sai kin kawo hujjar cewa da gaske za ki koma. Shi ne kike tambaya ko dole sai kin tafi kin bar shi.

Ba dole ba ne. Tunda ke 'yar ƙasa ce, kina iya shigar da takardunki kina zaune a Rayfield ko Unguwar Rogo. Mai PR, wato takardar zaman dindindin, ce ba a yarda ta yi daga waje ba, ita dole tana zaune a Kanada. Masu ce miki ki tattara ki tafi, abu biyun nan suke haɗawa. Abin da IRCC, hukumar shige da fice ta Kanada, ke nema a wurinki shi ne ki nuna za ki zauna a Kanada a lokacin da mijinki zai samu takardar zamansa. Faɗi a baki da sauƙi, amma a wannan gaɓar ni na kusa rasa komai.

Ni ma a Calgary na yi karatu na yi aiki, ciwon Hajiyarmu ya dawo da ni Abuja, aure ya riƙe ni. Da muka tashi cike takardu sai aka haɗa ni da wani ejan a wata filaza a Wuse. Ofis mai sanyi, tutar Kanada a kan tebur, hotunan mutane riƙe da fasfo manne a bango. Ya karɓi kuɗinmu cif, rabi ma daga adashena ya fito. Da muka zo wurin hujjar komawa na tambaye shi me zan kawo, sai ya yi dariya ya ce, “Hajiya, ai ƙasarki ce, wa zai tambaye ki hujjar komawa gida?” Layi 3 ya rubuta da sunana, wai ina da niyyar komawa da zarar an ba mijina biza. Na sa hannu. Wallahi har godiya na yi masa.

Wata 9 muna jira. Ran nan ina ofis, ana gab da azahar, imel ya shigo. Jami'in ya ce bai gamsu cewa zan zauna a Kanada ba, ya ba ni kwana 30 in kawo hujja. Kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mace ce mai aiki na dindindin a Abuja, hayar gida a Gwarinpa da muka sabunta, asusun bankinta na can ko sisi bai motsa ba shekara 4, lasisin tuƙi ya mutu. Ko ni aka miƙo wa wannan fayil ɗin ba zan yarda ba.

Na tashi ko jakata ban rufe ba na nufi Wuse. Ya bar ni a benci fiye da awa 2, yarinyar ofishinsa tana ta ce min oga yana mitin, alhali ina jin muryarsa yana hirar ƙwallo. Da na shiga ya karanta takardar ya ce ƙaramin abu ne, in kawo wasu kuɗin zai samo min takardar ɗaukar aiki daga wani kamfani a Toronto, da takardar haya, duk da hatimi. Na ce kamfanin ya san da ni? Ya ce, “Hajiya, kina son biza ko kina son tambaya?” Har yau in na tuna maganar nan sai ƙirjina ya yi zafi. Mutumin da ya ci abincin sunan ɗana. Na fito na zauna a mota, gilashi a rufe, ga zafin watan Maris, na yi kuka har mai gadin wurin ya ƙwanƙwasa ya ce madam lafiya. Abin da ya fi ci min rai, a lokacin har an fara magana a dangin maigida, wai na yi masa romon baka da Kanada don ya aure ni. Wata gwaggonsa a gaban mutane ta ce da ni, “To amarya, jirgin naku har yanzu bai sha mai ba?” Na yi murmushi, na shiga bayi na wanke fuska.

Ba zan ɓoye miki ba, na so in biya. Maigida ne ya hana, Allah ya saka masa. Ya ce gara mu zauna a Najeriya har mutuwa da a rubuta sunansa a maƙaryata. Daga baya na gane takardar bogi in aka kama, haramcin shiga Kanada na shekara 5 ne a kansa, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na kuma gane ejan ɗin ko sunansa bai sa a fayil ɗinmu ba. Duk mai karɓar kuɗi ya wakilce ki dole ya zama lauyan da ke da rajista a Kanada ko mai lasisin hukumar CICC, wadda ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice a can, kuma akwai fom na wakilci, IMM 5476, da sunansa zai fito a kai. In wani ya ce zai yi miki aiki amma ba zai sa sunansa ba, ki ɗauki jakarki. Namu da na nemi ko rabin kuɗina, toshe lambata ya yi. Na bar shi da Allah, kuma ban yafe ba.

A kwana 30 ɗin nan na fahimci cewa rantsuwa ba ta da amfani a wurinsu. Ƙafarki suke son gani ta fara ɗagawa daga nan tana sauka can, kowane mataki da takarda da kwanan wata. Ƙawata da muka yi makaranta ta rubuto cewa za mu sauka a ɗakin ƙasa na gidanta wata 3, ta sa adireshi, ta haɗa da shaidar cewa gidan nata ne. Na zauna dare 6 ina tura neman aikin akanta, na ajiye kowane imel, har waɗanda suka ce ba su ɗauke ni ba, domin su ma shaida ne cewa ina nema. Mutum 2 sun yi min intabiyu ta bidiyo, na haɗa da gayyatar. Ba sai kin samu aikin ba, kar wannan ya hana ki barci.

Ɓangaren da mutane ke mantawa shi ne na nan gida. Na rubuta wa wurin aikina cewa zan ajiye aiki idan takardun suka fito, suka amsa a rubuce. Mai gidan hayarmu ma haka, cewa ba za mu sabunta ba. Na farfaɗo da asusuna na can na fara tura kuɗi kaɗan-kaɗan duk wata. Na karɓo takardar farashi daga masu jigilar kaya, duk da a ƙarshe tukwanena kaɗai na ɗaure da turaren wuta, sauran na rabar. Sannan na rubuta wasiƙa shafi 2 da kaina, ba Turancin lauya ba: dalilin dawowata, rasuwar Hajiya, watan da muke son sauka, unguwar da za mu zauna, abin da za mu ci kafin albashi.

Af, jaririyarki. In ke da kanki aka ba ki zama 'yar ƙasa kafin ki haife ta, ita ma 'yar ƙasa ce, ba ɗaukar nauyinta za ki yi ba. Takardar shaidar zama 'yar ƙasa za ki nema mata, sannan fasfo. Ki fara yau, yana cin lokaci, kuma rasit ɗin kansa hujja ne. Ni har layin jiran gidan renon yara na sa ɗana, suka turo min imel na haɗa.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ya tsaya min a rai: ɗaurin aurenku. Tun 2015 dokar shige da fice ta Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin. Mu kuwa kin san yadda muke, waliyyi da wakili suna masallaci ko ƙofar gida, amarya tana ƙuryar ɗaki an lulluɓe ta. Mu Allah ya taimake mu mun je rajista tare tun kafin mu shigar da takardu, saboda wani dalilin daban. Ki tambayi lauya mai lasisi a kan naku, kuma ku zauna da maigida ku yi magana, don auren rajista na mace ɗaya ne a dokar Najeriya. Ki kuma sani sa hannun da za ki yi alkawari ne na ɗaukar nauyinsa shekara 3 daga ranar da ya zama mai PR, ko da zama ya yi daɗi ko bai yi ba. Allah ya sa alheri ne, amma ki karanta kafin ki sa hannu, kar ki yi irin tawa.

Wata 4 bayan na tura amsa suka nemi fasfonsa. Yanzu haka ina Abuja ne na zo ganin gida, sai bayan babbar sallah zan koma. Ɗaukar hoton yatsu da gwajin lafiya duk a nan Abuja za ku iya yi, ba sai kun je Legas ba. In kun tashi, ku biyo ta Akwanga da sassafe, ki yi min magana ta gefe tun ana gobe. Fayil ɗina yana nan a leda yadda na haɗa shi, zan buɗe miki ki ga wasiƙar da idonki. Ki zo min da jaririyar in gan ta.