Muryar da Yaya ya turo kan lissafin silinda mai rami

Salamu alaikum jama'ar gida, ya Garwa ya zafi. Ƙanwata na ga hoton kayen da kika turo jiya da dare, dabuwar ɗin, wato aikin gida, na silinda mai rami, to saurara da kyau don jarrabawar BEPC ta matso kuma irin wannan tambaya suna son ta.

Sun ce bututun ƙarfe ne, diyametir na waje, wato faɗin bakinsa, santimita 20, kaurin jikinsa santimita 2, tsayi 50, a nemo volim ɗin ƙarfen, wato yawan wurin da ƙarfen ya cika. Kafin ki taɓa kalkilatiris ki gane silinda biyu ne a nan, babba na waje da ƙarami na ciki wanda iska ce kawai, kamar zoben siminti da ake sakawa a rijiya, simintin ake tambaya ba ramin ba.

Reyon, daga tsakiya zuwa gefe ke nan, na waje rabin 20 ne wato 10. Na ciki ki cire kauri, 10 a ɗebe 2 saura 8. To ga inda kika zame, kin cire 8 daga 10 kin samu 2 sai kika yi 2 sau 2, shi ya sa kika fito da 628, a'a ƙanwata ba haka ba ne wallahi, kowane reyon sai ya ninka kansa tukuna sannan a yi ɗebewa. 10 sau 10 ɗari, 8 sau 8 sittin da huɗu, bambancinsu 36. Kin ga 36 ina 4 ina? Yanzu 36 sau pi, 3,14, ya ba ki 113,04, wannan shi ne filin zoben bakin bututun. Ki ninka da tsayi 50, amsa 5652 cm³. Kar ki manta ɗan ukun nan na sama don Allah, masu gyaran takarda suna rage maki a kansa kuma haushi yake ba ni yaro ya yi aiki daidai ya rasa maki a banza.

In suka juya tambayar, suka ba ki 5652 suka ce nemo tsayi, raba shi da 113,04 kawai, 50 zai dawo. In kuma ruwan da zai shiga ciki suke so to manta da na waje, 64 sau 3,14 sau 50, 10048 cm³, lita 10 da ɗan ɗoriya.

Yanzu sake yi da kauri santimita 3, sauran duk yadda suke, ki turo min hoto bayan magariba. Ki gaida min Inna.