Kafin ki kai ulunki marina, ki ƙona bakinsa tukuna

Tambaya: Anti salamu alaikum, daga Kano nake. Na saƙa shawul fari da kwarashi, wata uku ina kansa, yanzu kuma farin ya fita raina gashi da saurin datti. Ina so in kai Ƙofar Mata a rina min shi shuɗi, zai kama kuwa?

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, wata uku ba wasa ba. Amma dan Allah kar ki hau adaidaita tukuna, ki nemo ragowar zaren ki yanko kamar tsawon yatsa ki kai bakinsa kan ashana a tsakar gida. In ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri yana warin roba, toh akirilik ne, kuma gaskiya yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu shi ne, sunan kawai ya ara. In ya yi ƙaurin gashi kamar ana babbakar kan rago kuma tokar ta murmushe a hannu, wannan ulun tumaki ne na gaske. In kuwa ya ci da wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce.

Marinar Ƙofar Mata da baba suke rini, da toka da kanwa a cikin ramuka, kuma baba auduga yake so da ulun gaske da siliki, abin da ya fito daga tsiro ko dabba kenan. Akirilik ɗan uwan roba ne daga man fetur ake yinsa, ki tsoma shi sau goma ma sai dai ya fito da wani dishi-dishin launi kamar an wanke shi tare da sabuwar shadda. Ni na gani da idona, farkon koyona na zuba galura a tafasasshen ruwa na jefa hular da na saƙa wa ɗan yayata, launi bai kama ba kuma zafin ya kashe zaren hular ta saki ta yi lagwaf, ƙarshe tsumman goge risho ta zama. In akirilik ne naki ki haƙura ki bar shi a farinsa, ki sayo shuɗin zare ki zagaye bakin da layi uku ko huɗu, wallahi sai ya canza kamanni.

In auduga ce ki kai, amma ki fara ba su ɗan guntun saƙa su gwada. In ulun gaske ne ki tambaya ko akwai kastik soda a ruwan, don wasu masu rinin zamani da ita suke aiki kuma cinye ulu take yi.

Tambaya: Anti yayata ce za ta haihu cikin hunturu, ina so in yi wa jaririn shawul kafin suna. Dunƙule nawa zan saya? Kuɗin ba su cika ba, ko in dinga sayen bibbiyu?

Amsa: Allah ya sauke ta lafiya. Bibbiyun nan shi ne ban yarda da shi ba, ki duba takardar jikin zaren akwai lambar launi akwai kuma lambar rini, dunƙule biyu za su zo da launi ɗaya amma ba tukunya ɗaya aka rina su ba, a shago ba za ki gane ba sai kin shanya a rana ki ga layi ya raba shawul ɗin biyu. Gara ki tara kuɗin, ko ki ba mai shago kafin alƙalami ya ware miki.

Lissafin kuma mai sauƙi ne. Ki sayi ɗaya ki saƙa murabba'i santimita 10 kowane gefe da ainihin salon da za ki yi, ki ɗora a sikelin masu yin kek. Shawul mai mita 1 kowane gefe ninki 100 ne na wannan, kinga in ya yi giram 5 kina buƙatar giram 500, dunƙule 10 kenan in masu giram 50 ne, ki ƙara ɗaya saboda baki. Kuma a nan akirilik ɗin da na gama kushewa shi zan ce ki saya, mai laushi, don kayan jariri kullum cikin wanki suke shi kuwa ulun gaske in ya sha cuɗa da ruwan zafi tsukewa yake ya cure. Ki goga zaren a wuyanki a shagon, in ya soke ki ajiye musu abinsu.

Tambaya: Na ga ana rini da ɓawon albasa da zoɓo a TikTok, wanne zan fara?

Amsa: Albasa, Hajiya. Zoɓo jan nasa a tukunya kawai yake burgewa, wanki kaɗan ya koma toka-toka. Ki roƙi mai albasa ɓawon da ke ƙasan buhu, ki warware farin ulun gaske ki ɗaure shi sako-sako wuri huɗu kar ya cukurkuɗe, ki fara dafa shi da alam ɗin nan na tace ruwa sannan ki sa a ruwan ɓawon a wuta kaɗan ba juyi, ki bar shi ya huce a ciki, zai ba ki rawaya mai kama da zinare. Tukunyar kuma ki ware ta, kar ta koma kicin.