Tambaya da amsa: Wace ƙaramar sifika ce ta dace da falona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, daga Zariya nake rubutowa. Ina so in sayi sifika ta falo, falon zai kai mita 4 da 5, tayil ne a ƙasa. Yawanci karatun Alƙur'ani da wa'azi da labarai nake ji, sai waƙoƙin gargajiya, yara kuma suna kallon talabijin. A kasuwa an nuna min hom tiyata an ce watt 3000 ce, wani abokina kuma yace in manta da ita in sayi ƙananan sifiku guda biyu irin na ɗorawa kan kanta, amma da na duba sai naga an rubuta watt 42 kawai kuma sun fi tsada. Wanne zan ɗauka, kuma ya zan gane mai kyau, musamman in ta gwanjo ce? Sola nake amfani da ita a gida.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Abokin nan naka gaskiya ya faɗa maka, kuma bari in fara da maganar watt ɗin nan don ita ce take cinye kuɗin mutane da yawa.

Wannan 3000 da ka gani a jikin kwali, in ka duba da kyau zaka ga an rubuta PMPO a gefenta, lissafi ne da bashi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani yadda yaga dama yake rubutawa. Wanda ake aiki da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar zata iya bayarwa a ɗore ba tare da sauti ya dagule ba. In kana so ka tabbatar da kanka, juya bayan hom tiyatar ka nemi inda aka rubuta wutar da take ja daga soket, sau da yawa zaka ga abin bai wuce watt 50 ko 100 ba, to na'urar da ta ja wannan daga bango ta yaya zata fitar da 3000? Watt 42 ɗin da ka gani kuwa ya yi kama da na Edifier R1280T, 21 a kowane gefe, kuma shi RMS ne na gaskiya.

Kuma ma watt ba shi kaɗai yake kawo ƙara ba. Akwai wata lamba da ake rubutawa da dB, galibi tsakanin 84 zuwa 89 a irin waɗannan ƙananan sifikun, tana nufin ƙarar da sifikar zata yi in ka bata kamar watt ɗaya kana tsaye nisan mita ɗaya. Sifika mai 87 in ta samu watt 10 ta kai 97 kenan, wallahi a falo irin naka wannan ƙarar sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Duk ninka watt da ka yi dB 3 kacal kake ƙarawa, kafin kunne yaji kamar ƙara ta ninka sai ka ninka watt sau goma. Kaga kenan mai watt 50 da mai watt 100 bambancinsu kaɗan ne a kunne, amma a aljihu ba kaɗan bane.

Yanzu abin da ya kamata ka fara yankewa shi ne mai amfilifaya a ciki kake so, wato amfi, na'urar da take ƙarfafa sauti ta tura wa sifika, ko wadda sai an haɗa mata amfi daban. Mai amfi a ciki sauƙi ne da ita, ka jona wuta ka jona waya ko talabijin shi kenan. Amma ka duba bayan talabijin ɗinka kafin ka fita daga gida, yawancin na yanzu basu da jar da farar kafar nan ta fitar da sauti, sai ƙaramar kafa mai fitar da jan haske da ake cewa optical. R1280T bata da wannan, 'yar uwarta R1280DB ita ce take da shi har da Bluetooth, in ka haɗa kuma baka ji komai ba ko kaji shuuu, shiga saitin sautin talabijin ka maida shi PCM. Matsalar mai amfi a ciki ɗaya ce, ranar da wuta ta ƙona bod ɗin ciki sifikun gaba ɗaya sun tsaya sai ka samu mai gyaran da ya iya.

Ni dai a ƙasar nan da wuta bata da tabbas na fi karkata ga wadda amfinta daban. Sifika zalla ba ruwanta da NEPA, in ba a ci zalinta ba sai ta yi shekara ashirin tana aiki, amfi ne kawai zaka canza in ya samu matsala. Kuma tunda kace sola kake da ita, ƙananan amfin nan da ake kira Class D, irin na Fosi Audio ko SMSL, girmansu bai wuce littafi ba, basa zafi sosai kuma basa cin batir kamar tsofaffin manyan amfi masu nauyi. A ɓangaren sifiku zalla sunayen da zaka iya nema akwai Wharfedale Diamond, da Q Acoustics 3020i, da ELAC Debut B6.2, duk sanannu ne a masu matsakaicin kuɗi. Ka duba ohm ɗin sifikar, wato lambar da take nuna nauyin da zata ɗora wa amfi, 8 ko 6 kusan kowane amfi zai ja, in 4 ce sai ka tabbatar an rubuta amfin yana ɗaukar 4. Wasu masu tsada kamar KEF LS50 an rubuta 8 amma a wasu sautukan tana sauka ƙasa da 4, irin wannan ba a haɗa ta da amfi mai rauni, kuma gaskiya ga buƙatarka baka ma buƙatarta.

Wani abu da mutane basa yarda sai sun gani, ƙaramin amfi ya fi babba ƙona sifika. In ka murɗa ƙaramin amfi har ƙarshe ya fara shaƙewa, wannan dagulallen sautin kan 'yar ƙaramar sifikar sama yake sauka, wato tiwita, ita ce take fara mutuwa. Da zarar kaji murya ta fara tsagewa ka rage, kuma ka gaya wa yara.

Maganar bes kuma gara in faɗa maka tun yanzu don kada kace ban faɗa ba. Ƙaramar sifika mai ufa, wato babban faifan da yake fitar da bes, inci 4 zuwa 6 da rabi bazata girgiza maka tagogi ba, yawancinsu iyakarsu wajen 45 zuwa 60 Hz a ƙasa, Hz shi ne ma'aunin sauti, ƙaramar lamba tana nufin bes mai zurfi. Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin KLH a Amurka, cewa ƙaramin akwati da zurfin bes da saurin yin ƙara, biyu kawai zaka samu a cikin ukun nan. Saboda haka in mai shago yace maka ga 'yar ƙarama mai dukan ƙirji, abin da aka yi shi ne an kumbura wani yanki na bes ɗin don ya burge a minti biyun farko, in ka kai gida sai kaji komai bum bum, kalangu da ganga duk sauti ɗaya suke fitarwa, muryar malami kuma kamar daga cikin randa yake magana. Abin da kake saurara, ƙira'a da wa'azi da labarai da kiɗan gargajiya, kusan duka a tsakiyar sauti yake zaune, kuma nan ne ƙananan sifikun nan suka fi hom tiyata nesa ba kusa ba. Ga falon mita 4 da 5 na fi so ka nemi mai ufa inci 5 ko 6 da rabi, inci 4 ta fi dacewa da ɗaki ko tebur. In daga baya yara sun matsa suna son rugugi a fim sai ka ƙara sabufa, wato akwatin da bes kaɗai yake fitarwa, ka saita ta ta karɓi aiki daga wajen 80 Hz zuwa ƙasa.

To ga yadda zaka gwada, kuma nan nake so ka fi maida hankali don ya fi duk lambobin da na lissafa. Kada ka yarda a gwada maka da waƙar mai shago. Tafi da naka a waya, ƙira'ar makarancin da ka saba da muryarsa shekara da shekaru, da waƙa ɗaya mai kalangu ko gurmi, kuma ka samu mai kyau, wanda aka tura ta WhatsApp hannu zuwa hannu sautinsa ya riga ya lalace ba zai nuna maka komai ba. Kace a kashe duk wani ƙarin bes da ikwalaiza, a sa ƙara daidai yadda zaka ji a gida. Ka saurari sin da shin da sad, in suna sukar kunne kamar allura to bayan rabin awa sifikar zata gajiyar da kai. Ka saurari gunna da madda, ya kamata su fito sumul ba tare da akwatin yana wani guɗa a ƙarƙashi ba. A kalangu ya kamata kaji lokacin da makaɗin ya matse tsarkiya sautin ya hau, da lokacin da ya saki. Sannan ka rage ƙara ƙasa sosai, mai kyau ko a hankali kana jin kowane harafi, wannan yana da amfani ga mai sauraro da asuba mutanen gida suna barci. In kana gwada biyu ka tabbatar ƙararsu ɗaya, domin kunne kullum wadda ta ɗan fi ƙara yake cewa ta fi daɗi, kuma masu sayarwa sun san haka. Ƙwanƙwasa gefen akwatin da yatsa, mai kyau zaka ji tuk a daskare, sannan ka ɗaga kaji nauyi.

Ta gwanjo ana dacewa sosai, wani lokaci ma ta fi sabuwa a kuɗi ɗaya, amma sai da ido. Cire ragar gaban ka duba zoben da ya zagaye ufa, in na soso ne ka taɓa a hankali, tsohon soso da zafinmu marmashewa yake, na roba ya fi juriya. Sa yatsu a zagaye da tsakiyar ufa ka tura ciki a hankali daidai wa daida, in kaji ƙar ƙar koyil, wato naɗin wayar da ke cikin ufa, ya taɓu, ka barta. Kara kunnenka kan kowace tiwita ka tabbatar tana fitar da sauti don mutane da yawa sun sayi sifika da matacciyar tiwita basu sani ba. Duba kawunan sukurori ko an sha kwancewa, ka kuma tabbatar ufofin biyu iri ɗaya ne ba a sauya ɗaya ba. In kana da mitar auna ohm irin ta masu gyaran lantarki ka auna bayanta, mai ohm 8 zata nuna wajen 6, kuma duka biyun su zo kusan ɗaya. In kuma mai amfi a ciki ce ko amfi ne na gwanjo, dan Allah karanta wutar da aka rubuta kafin a jona, kayan Amurka 120 suke sha mu kuma tamu 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta ƙona shi.

Saura falon, kuma tayil ɗin nan da ka ambata shi ya fi damuna. Tayil a ƙasa da bangon siminti sauti suke dawo da shi, ko sifikar miliyan ka saka zaka ji magana tana hawa kan magana. Tsaya tsakiyar falon ka tafa sau ɗaya, in kaji ya yi tsirrr yana bin bango to sai ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, labule mai nauyi da kujerun kushin suma suna shanye abin sosai. Kada ka cusa su cikin kabad ɗin talabijin ko ka aje su a ƙasa ko can kusa da silin, tiwita ta zo daidai kunnenka in kana zaune, in a ƙasa kuke zama a gidan to da tsayin zaman ƙasa zaka auna. Tazarar da ke tsakaninsu ta zo daidai da tazararka da kowace, kamar mita 2 zuwa 2 da rabi, ka ɗan karkato da fuskarsu wajenka. In ramin iskar da ke jikin akwatin a baya yake ka janye su daga bango ko da taku ɗaya ne, in ba wurin yin haka sai ka nemi mai rami a gaba irin ELAC B6.2 ɗin can, kuma ka guji kusurwa. Wajen jona waya ja ga ja baƙi ga baƙi a duka biyun, in ka juya ɗaya bes zai ɓace muryar kuma ta rasa tsakiya. Wayar tagulla ta gaskiya mai kauri 1.5mm ta isheka, ba sai ka kashe kuɗi kan wata waya mai suna ba. Lokacin hunturu ka bar ragar a jiki saboda ƙura, kuma kada a goge tiwita da tsumma ko a bar yara su danna ta.

In zan tsara maka kuɗin, kaso mafi girma ya tafi kan sifiku masu ufa inci 5 ko 6 da rabi, sai ƙaramin amfi Class D mai kamar watt 40 zuwa 60 RMS kowane gefe wanda yake da optical da Bluetooth, ragowar ka sayi kafet da abin ɗora su. In inbatarka ba mai tsaftataccen wuta bace, wato ba a rubuta pure sine wave a jikinta ba, kana iya jin zzz a sifika, don haka ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya cewa zaka kai gida ka gwada kwana ɗaya ko biyu, in bata yi ba ka dawo da ita. Allah ya sa a dace.