Gishiri a garka: albasa na ƙonewa, dabino ko a jikinsa

Malam, ka ce farin gishiri ya fito saman ƙasar garkarka a Tahoua, bakin ganyen albasa na ƙonewa, dabinon gefe kuwa lafiya lau.

Gishiri riƙe ruwa yake, sai saiwa ta kasa zuƙa: ƙasa a jiƙe, shuka na ƙishi. Gishirin da ya shige shukar kuma ya ƙone ganye. Saiwar dabino tana tare mafi yawansa tun daga ƙasa. Albasa ba ta da wannan ƙarfin, wake ma haka.

Kada ka ƙara takin zamani, shi ma gishiri ne. Yayyafin ruwa kullum saman ƙasa yake tara shi. Ka kwarara ruwa sosai ya wanke, in akwai magudana. Amma fara kai ƙasar da ruwan rijiyarka INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, su auna, sau da yawa rijiyar ce ke kawo gishirin.