Ɗan ƙanena yana son injin zirkoniya: in zuba jarin?

Wani Alhaji daga Aboabo a Kumasi ta ƙasar Ghana, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ya aiko da tambaya. Ɗan ƙanensa ya koyi ƙera haƙori, yana yi wa likitocin Kumasi hular haƙori ta ƙarfe mai rufin tangaran, wadda suke kira PFM. Yanzu yaron ya matsa a saya masa injin zirkoniya, wato farin tangaran mai ƙarfi da ake sassaƙa hular haƙori da shi, wai kasuwa ta koma can. Kuɗin zai dawo?

Alhaji, yaron bai yi ƙarya ba, amma kada ka fitar da kuɗin tukuna.

Hular PFM aikin hannu ce. A siffanta ta da kaki, a zuba narkakken ƙarfe, yawanci kobalt da kuromiyam ko nikel da kuromiyam, sannan a ɗora tangaran hawa-hawa ana gasawa a zafin wajen digiri 900 zuwa 960. Kayan aikinta ba su da tsada sosai, gwanintar mai yi ce jarin. Aibinta sananne ne: tangaran na ɓantarewa, idan dasashi ya ja baya kuma baƙin layin ƙarfe ya fito, wasu ma jikinsu ba ya karɓar nikel. Likita kuma sai ya ci milimita 1.5 zuwa 2 na haƙorin kafin ƙarfe da tangaran su sami wurin zama.

Zirkoniya babu ƙarfe a ƙarƙashinta, don haka babu baƙin layi. Mai ƙarfin, wadda ake sa wa turame, tana zama a kaurin da bai kai milimita 1 ba. Mai haske ta haƙoran gaba ta fi kyau a ido amma ba ta kai waccan ƙarfi ba, kuma yin doguwar gadar haƙora, wato jerin haƙoran da ke cike giɓi, da ita neman asara ne.

Inda magana take shi ne abin da yaron ya kira "inji" kaya ne har shida: na'urar ɗaukar siffar haƙori, kwamfuta da manhajar zane irin exocad wadda ake biyan lasisinta, injin sassaƙa, kwamfuresa mai busasshiyar iska marar mai, na'urar zuƙe ƙura, da tandar gashi. Faifan zirkoniya mai faɗin milimita 98 yana da taushi kamar alli lokacin sassaƙa. Ana yanke hular ta fi girmanta da wajen kashi 20 cikin 100, a gasa ta a digiri 1,450 zuwa 1,550 na sa'o'i kamar 8, ta tsuke ta koma daidai. Kowane faifai yana zuwa da lambar tsukewarsa. Idan aka shigar da lambar ba daidai ba, duk abin da aka gasa ba zai shiga baki ba.

Ka kuma lissafa dumso, wato yawan ɗauke wuta. Idan kamfanin wuta na ECG ya ɗauke wuta tanda na tsakiyar aiki, hulunan da ke ciki na iya fita da launi ko ƙarfin da ba shi aka so ba, wutar da ke hawa da sauka kuma tana kashe sandunan zafin tandar. Janareta da sitabilaiza suna cikin jarin tun ranar farko. Faifai da tsinken sassaƙa da dala ake sayensu, likita kuwa da sidi zai biya, sau da yawa ma sai ƙarshen wata.

Ga lissafin, ka sa alƙalumanka a madadin waɗannan na misali. A ce kayan sun ci sidi 600,000 har da kuɗin fito a tashar jirgin ruwa ta Tema, kana son su dawo a wata 36. Kusan sidi 16,700 ke nan kowane wata. Idan bayan faifai, wuta, lada da aikin da aka sake ana samun sidi 300 a kan kowace hula, sai an sayar da hula 56 a wata kafin ka ga ko kwabo. Ka ce yaron ya kawo littafinsa na wata 6 da suka wuce: hula nawa ya yi, likitoci nawa ke ba shi aiki, nawa aka dawo da su? Ka tuna inshorar lafiya ta NHIS ba ta biyan wannan aiki, mai haƙori ne ke biya daga aljihunsa, shi ya sa masu neman mai sauƙi ba za su bar PFM ba.

Shawararmu: saya masa na'urar ɗaukar siffa da manhajar kawai. Ya zana hular a Kumasi, ya tura fayil ta intanet ga masu injin sassaƙa a Accra, ya karɓo ya yi launi da sheƙi a tandar tangaran da yake da ita. Aikin PFM ya ci gaba yana biyan haya. Idan odar zirkoniya ta riƙe lambar lissafinku wata 6 a jere, sai a yi maganar inji.

Ranar sayen kuma, dillali ya rubuta maka wanda zai gyara injin a cikin Ghana, da kwana nawa kayan gyara ke ɗauka kafin su iso. Ka duba da HeFRA, hukumar kula da wuraren kiwon lafiya, kan lasisin wurin, da FDA, hukumar abinci da magunguna, kan shigo da kayan, sannan ku rubuta yarjejeniyar rabon riba da yaron a gaban shaidu biyu, ko da yake ɗanka ne.