Allura uku aka yi min, amma na ji komai: gado ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Kumo nake. Turmin haƙorina na ƙasa ya hana ni barci mako biyu, aka ce sai an cire jijiyarsa. Sau uku aka yi min allurar kashe zafi, leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba, amma injin na taɓa cikin haƙorin sai da na ƙwala ihu. Aka ce tsoro ne kawai. Mahaifiyata ma haka ta sha. A jininmu abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Zafin da kika ji na gaske ne. Tsoro yana ƙara shi, amma raina yana ɓaci in na ji an sallami mutum da wannan kalmar alhali yana hawaye.

A jikin kowace jijiya akwai wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga, da shigarsa ne saƙon zafi ke tafiya ƙwaƙwalwa. Aikin lidokain, allurar da muka fi amfani da ita, shi ne ta toshe su. To, ƙirar ƙofofin nan gadonta ake yi. Ƙwayar gado mai suna SCN9A ce ke gina ɗaya daga cikinsu, kuma a 2006 masu bincike daga Jami'ar Kambirij ta Ingila suka bayyana wasu iyalai a arewacin Pakistan da ƙwayar ba ta aiki a jikin yaransu. Yaran nan ko karaya suka samu ba sa jin ciwo. Wasu kuma tasu ƙofar saurin buɗewa take yi, tafin ƙafarsu ya riƙa zugi kamar sun taka garwashi. Tunda ƙofa takan bambanta haka, ba mamaki makulli ɗaya ya ƙi kama ta kowa daidai.

A 2005 an gano a Amurka cewa lidokain bai cika kama mata masu jan gashi ba, saboda sauyi a ƙwayar MC1R, sai dai wannan sauyin da wuya a same shi a cikinmu. Wanda ya fi dacewa ki duba shi ne wani ciwon gado da ake kira Ehlers-Danlos: gaɓoɓi na lanƙwasuwa fiye da kima, fata na miƙewa, kuma masu shi da yawa suna kukan allurar haƙori ba ta kama su. In haka jikinku yake ke da Hajiya babba, ki faɗa wa likita.

Amma in gaya miki gaskiya, mako biyun nan na fi zargi. Jijiyar da ta kumbura, naman da ke kewaye da ita tsami yake yi, lidokain kuwa ba ya ratsa bangon jijiya da kyau a cikin tsami. Sannan kumburin yana sa jijiyar ta ƙara wasu ƙofofi masu taurin kai da maganin ba ya rufewa da sauƙi. Ga kuma ƙashin muƙamuƙin ƙasa mai kauri, dole mu je can baya mu nemi babbar jijiyar, wani lokaci kuma akwai ƙaramin reshe da ke shigo wa haƙorin ta wata hanya daban. Shi ya sa leɓe zai mutu, haƙori yana nan da ransa. A turmin ƙasa mai zugi irin naki, allurar farko takan gaza a kusan rabin mutane, ko da gado ko babu. Ina kyautata zaton mahaifiyarki ma sai da ta daɗe tana cusa kanumfari a ramin kafin ta je asibiti, kamar yadda yawancinmu muke yi.

Wani abu da ya shafe mu a nan: in kunama ta taɓa harbinki, ki ambata. Dafinta a kan waɗannan ƙofofin yake aiki, kuma likitoci a Indiya sun ba da rahoton allurar kashe zafi tana jinkirin kama waɗanda kunama ta sha harba.

Ki koma, kada ki bar haƙori a buɗe ya tara mugunya. In kina so, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Tun kafin ki zauna ki ba da labarin allura ukun nan. A jira minti 10 zuwa 15 bayan allura, a gwada haƙorin da abu mai sanyi kafin a kunna inji. In kin ji sanyin, a ƙara wata allurar kashe zafi mai suna artikain a dasashin gefen haƙorin, ko a yi allura tsakanin haƙori da ƙashi, in ta kama ma a cikin jijiyar kanta. Shan ibufurofen awa ɗaya kafin aiki yana taimakawa, amma ki nemi izinin likita, musamman in kina da gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu. Ku kuma yi yarjejeniya da shi cewa da kin ɗaga hannun hagu zai tsaya.